Fuskar Kalilu a Hoton Jibiya

Lahadi, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Na sami tsohuwar. Da ban same ta ba da ya fi mini sauƙi.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko zan gane inda na ɓata. Na baro Sabo ta Ibadan da hoto guda a cikin leda. Hoton babana ne, Kalilu, wanda motar goro ta kife da su a hanyar Ilori ina goye. Ban san fuskarsa ba sai a wannan takarda: saurayi cikin kwat, agogo a hannu, ya dafa rediyo, bayansa zanen gidan bene mai matakala. A bayan hoton akwai hatimin mai hoto, Jibiya. Abin da marigayiya mahaifiyata ta sani a kansa kaɗan ne. Ɗan Ahmadu ne, shi ya sa aka sa mini sunan, kuma ƙauyensu yana tsallaken iyaka, ɓangaren da Faransa ta riƙe.

Limamin masallacin tashar Jibiya ya yi ta tambayar mutane har aka kai ni gidan wata Luba a Magama. Uwarta, Inna Fatu, ta zo daga ƙauyensu na bayan Ɗan Isa ganin jika, aka rufe iyaka tana nan. Tana da wa mai suna Kalilu ɗan Ahmadu, ya tafi kudu shekarar da Turawa za su tafi, bai dawo ba. Komai ya hau daidai. Har na fara shirya abin da zan gaya wa matata Ma'u a waya.

Inna Fatu ta karɓi hoton, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe. Sannan ta miƙo mini.

"Wanga ba namu ba ne."

"Inna, ki ƙara dubawa."

"Na duba. Kai dubi huskata."

Na duba. Zane ne a jere daga gefen baki har kunne, kowane kunci. Ta ce duk wanda aka haifa a gidansu wanzami ya yi masa wannan aska, kuma ta Kalilunsu ta fi ta kowa fitowa. Na cikin hoton kuwa kumatunsa sumul, kamar bawon ƙwai.

"Ɗan wani akawu ne ka kawo mani," in ji ta. "Allah shi haɗa ka da naku."

Luba ta ba ni ruwa. Na sha.

Litinin, 21 ga Agusta, da hantsi

Ma'u ta kira. Na ce mata ana kan bincike.

Talata, 22 ga Agusta, bayan azahar

Ba na ganin laifin Alhaji, uban Shamsu saurayin 'yarmu, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Sun zo neman auren yarinyar. Ita kaɗai Allah Ya ba mu bayan dogon jira, ga ta 'yar fari, ko a takarda ba na iya kama sunanta. Alhaji ya yi tambayar da kowa ke yi: a wurin wa za mu nema? Uba ba ya zama ya ba da 'yarsa da bakinsa, sai baffa ko wani daga dangin uba. Na ce ga maƙwabcina, tare muka tashi. Alhaji ya yi murmushi, ya ce mutumin kirki ne, amma dangin uba yake tambaya.

A Sabo an daɗe ana cewa ba a san daga inda Kalilu ya faɗo ba. Wasu ba su tsaya a nan ba. Na yi aikin gidan waya har na yi ritaya, na kai wa kowa wasiƙar danginsa, ni ban taɓa karɓar ko ɗaya ba, kuma sun lura.

Alhaji ya ce za su jira zuwa Mauludi. Da ni ne mai ɗa, da na yi tambayar nan.

Yarinyar ce ta goge mini kaya, ta sa hoton a leda biyu saboda damina.

Alhamis, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Ɗakin da nake haya na wani tsohon direba ne, Malam Nomau, mutumin da ko a jana'iza sai ya sami abin dariya. Yana kirana Ɗan Badun. Tireloli sun yi layi daga shingen kwastan har inda ido ya ƙare, direbobi sun shanya wanki a jikinsu, wasu sun fara sayar da shayi. Nomau ya ce in aka ƙara wata guda za su naɗa mai unguwa.

Yau na nuna masa hoton. Ya duba, ya tuntsire da dariya, ya shiga cikin gida ya fito da wani hoto a firam.

Kwat ɗin ne. Agogon ne. Rediyon ne, da ɗan tabon da ke gefensa. Gidan benen ne. Mutumin ciki ne kawai daban, wani ƙato wanda hannun kwat ɗin ya tsaya masa a gwiwar hannu.

"Babana ke nan," in ji shi. "Jaki biyu gare shi har ya mutu. Kwat ɗin Baba Raufu mai hoto ne, Ɗan Badun. Rabin garin ga sun sa shi. Rediyon ma ba ya magana, kwali ne a ciki."

Na ce masa babana ɗan boko ne.

"To, nawa ma ka gan shi, gwamna ne."

Tun ina yaro in an zage ni a makaranta nakan dawo in kalli kwat ɗin nan. Ban gaya wa Nomau ba. Ba da mugunta ya yi ba, haka Allah Ya yi shi.

Juma'a, 25 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Iyaka a rufe. Ƙafata ta sake kumbura.

Lahadi, 27 ga Agusta, bayan azahar

Na koma Magama da goro. Tsohuwar tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba.

"Mai hoto ya komo."

"Na zo gaisuwa ne, Inna."

"An gaishe ka. In gona ce anka ce maka akwai, an rabe ta tun ba a haife ka ba."

Na ce ban zo neman gona ba, ko kaftu ban iya ba. Na gaya mata zancen yarinyar. Ta saurara, hannunta bai tsaya ba. Ta ce ta tausaya, amma ba za ta tura ɗan gidansu ya zauna gaban liman ya ce wannan jininmu ce alhali ba ta sani ba. Aure ba wasa ba ne, in ji ta, gobe za a tambaye ta.

Gaskiyarta. Kowa a cikin maganar nan yana da gaskiya, ni ne kawai nake biyan kuɗin ɗaki.

Luba ta rako ni zaure. Ta ce akwai Isah, ɗan babban wan su Inna, shi ne mai gida yanzu a ƙauye. In Inna ta ce ya tafi Badun, ko a ƙafa zai tafi. In ba ta ce ba, ko sarki ya aiko ba zai motsa ba.

"Ni dai kunnuwanku iri ɗaya na gani," ta ce a hankali. "Amma wa ya tambaye ni."

Talata, 29 ga Agusta, da hantsi

Ma'u ta kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Nomau ya kai ni inda shagon Baba Raufu yake a da, bayan kasuwa. Yanzu robobi ake sayarwa, bokiti da buta da baho. Mai shagon 'yarsa ce, Iya Aishatu, tsohuwa mai tabarau mai kauri. Ubanta ya zo daga Ogbomosho da kyamararsa tun zamanin Turawa, a nan aka haife ta, a nan aka binne shi.

Na ce bari in yi abin kirki, na gaishe ta da Yarbanci, na rusuna yadda ake yi a can.

"Kai Malam, yi mani Hausa. Yarbancina ya bi Baba kushewa."

Nomau ya kusa faɗuwa cikin baho. Ya ce Bahaushe da Yarbanci, Bayarabiya da Katsinanci, shi za a ɗauka tafinta.

Ta gane hatimin. Ba ta gane mutumin ba, ta ce lokacin ita yarinya ce, kuma samari nawa suka tsaya gaban labulen nan. Na tambayi dodon hoton, wato gilashin da ake wanke hoto daga jikinsa. Ta ce akwatuna ne cike, ambaliyar da ta ci garin shekarun baya ta tafi da su, sai 'yan kaɗan da ke saman sif.

Har na miƙe, sai ta ce in ba ta hoton ta ƙara gani. Ta kai shi dab da tabarau, ta karkata shi.

"An yi masa fensir."

Ban gane ba. Ta sa aka sauko da gilashi ɗaya, ta ɗaga shi a haske. Fuskar wani ce, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Da ta karkata shi sai na ga wasu siraran layuka suna ƙyalli a kumatun. Ta ce Baba yakan ɗora gilashin a kan akwati mai fitila a ciki, ya fiƙe fensir kamar allura, ya bi zanen fuskar mutum ɗaya bayan ɗaya yana cikewa. In an wanke hoton, babu aska. Da idonsa ya yi rauni ita ya koya wa.

"Dubi goshinsa, akwai fata. Dubi kumatun, kamar an shafe da siminti. Hannun Baba ne, ko a mafarki na san shi."

Ta ce samari masu tafiya kudu ko Kaduna neman aiki su suka fi so, musamman na tsallake. Ana ta cewa an kusa samun mulkin kai, kowa so yake ya shiga da sabuwar fuska. Wasu kuma ba sa son a ce musu 'yan ƙauyen Faransa.

Na fito kamar an sauke mini kaya. Na sayi buta da ba na bukata.

Alhamis, 31 ga Agusta, da safe

Mahaifiyata ta zauna da shi, ta san fuskarsa. Ba ta taɓa ce mini yana da aska ba. In na tambaya sai ta ciro hoton ta ce ga ubanka. Wataƙila ta ga maraya a Sabo ya fi bukatar uba mai kwat. Allah Ya jiƙanta. Yau dai ina jin haushinta.

Asabar, 2 ga Satumba, bayan azahar

Na koma wurin Iya Aishatu in roƙe ta ta bi ni Magama. Ta yarda. Sai na ce mata ga yadda za a yi: ta gaya wa tsohuwar cewa haka Baba Raufu yake yi wa kowa, shi yake sharewa don hoto ya yi kyau, ba tare da an sa shi ba.

Ta cire tabarau.

"Ba haka yake yi ba."

Ta ce farkon zuwansa ya taɓa share wa wani Bagobiri aska, a ganinsa gwaninta ce. Mutumin ya dawo da 'yan uwansa, suka ce ya mayar musu da ɗan uwa bawa marar gida, da ƙyar aka ceci kyamarar. Tun daga ranar Baba ya rantse ba zai ƙara taɓa fuskar kowa ba sai mutum ya faɗa da bakinsa, a gaban wanda ya rako shi.

"In an share wa babanka, shi ya ce a share."

"Iya, wa zai sani? Duk sun mutu."

"Shi ya sa. Kai kana gyara naka uban, ni in ɓata nawa?"

Na ce mata auren yarinya ne a tsakiya. Ta ce ta ji, kuma za ta je ta faɗi abin da ta sani, duka, ko kuwa ta zauna a shagonta. In zaɓa.

Na faɗa mata wata magana da Yarbanci wadda na gode Allah ba ta ji ba.

Lahadi, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Ban je Magama ba. Yaya zan zauna gaban tsohuwar da ke ɗauke da askar nan a fuskarta in ce mata wanta ya biya an kankare ta? In na yi shiru, ba ɗansu ba ne ni. In na faɗa, ɗan wanda ya ji kunyarsu ne.

Laraba, 6 ga Satumba, da hantsi

Iyaka a rufe. Albasar wata tirela ta ruɓe, ana zubarwa a bakin hanya, warin har ɗaki. Nomau ya ce in na ƙara kwana zai nema mini mata a nan, a ƙare zancen asali.

Na aika wa Iya Aishatu goro. Ba ta yi mini laifi ba.

Asabar, 9 ga Satumba, da safe

Na sa hula, na kai bakin titi, na dawo.

Talata, 12 ga Satumba, bayan azahar

Lambar Ma'u ce, na ɗauka don na gaji da ƙin ɗauka. Ba Ma'u ba ce.

"Baba, yaya ƙafar?"

Na ce da sauƙi.

"Baba, ka dawo gida. In sun fasa, sun fasa. Ni ba komai."

Na san muryarta in ba komai, na san ta in da komai. Na ce mata kati zai ƙare. Ita ta kira, ta san ƙarya nake, ta ce to Baba.

Na ciro hoton na kalle shi. Saurayi ne ƙarami, ban taɓa lura ba. Yanzu na haife shi, har da ragi. Ya tsaya cikin kwat ɗin aro yana dafe da rediyon kwali, yana jin ya gama da ƙauye. Ban san abin da aka yi masa a can ba, ban san abin da ya ji ana faɗa wa masu zane a birni ba. Ba zan yanke masa hukunci ba. Amma shi ya yi gyaran fuskarsa na rana ɗaya, jikarsa ce ke biya.

Juma'a, 15 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Luba ta aiko. Gero ya nuna a ƙauye, Inna ta ce ba za a yi girbi ba ta nan. Jibi ranar kasuwa za ta bi 'yan kabu-kabu ta hanyar daji, su zagaye shinge. Luba ta yi ta faɗa saboda halin da dajin yake ciki, Inna ta ce ita jandarma ba su san ta ba, ɓarayi kuma ba abin da za su yi da ita. In ta tsallaka ba zan iya bin ta ba, da ƙafar nan, ba takarda.

Asabar, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Na je ni kaɗai. Ba a bakin Iya Aishatu ya kamata ta ji ba.

Inna tana ɗaure kaya a zane. Na zauna a ƙasa, na gaya mata zancen kwat, ta yi tsaki ta ce ita ma ta yi mamakin inda ɗan ƙauye zai sami agogo. Na gaya mata zancen fensir da akwati mai fitila. Hannunta ya tsaya.

"Mai hoton ne ya yi karambani?"

Ƙofa ce ta buɗe mini da kanta. Da na ce e, da shi ke nan.

"A'a, Inna. Ba ya sharewa sai mutum ya ce. Shi ya ce a share."

Luba ta bar abin da take yi. Tsohuwar ta juya wajen bango.

"Ya ce ma uwarmu kasuwa zai tahi ya sai da akuya. Har ta mutu tana aje mashi tuwo ranar Lahadi. Ashe tun nan ya hidda mu, tun bai hau mota ba." Ta juyo. "Yanzu kuma kun zo nemanmu."

"Ni ban share kowa ba, Inna. A share aka ba ni shi."

Ta ce wa Luba ta miƙo mata tandun kwalli. Sannan ta miƙo mini hannu. Na gane abin da za ta yi.

"Inna, shi ke nan gare ni."

"Ni ko shi ban da."

Ban san tsawon lokacin da na riƙe ledar ba. Na ba ta.

Ta ɗora hoton a gwiwa, ta lashi tsinken kwallin, ta tsoma. Ta sauke tsinken a takarda. Ta fara daga gefen baki, ta ja zuwa kunne, ta sake, ta sake. Takardar ta tsufa, tana shan baƙin nan take. Ina kallo fuskar da na sani tun ina rarrafe tana tafiya. A kuncin hagu ta karkatar da layi ɗaya da gangan, ta ce nan wanzami ya zame, an ce jaririn ya zabura.

Ta ajiye tsinken. Ta ɗaga hoton nesa da ita, ta kawo kusa. Leɓenta ya yi motsi kafin magana ta fito.

"Ga ja'irin nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta shafa gefen takardar da babban yatsa, ta yi ta shafawa. Luba ce ta shiga ɗaki ta daɗe.

Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Mai sunan Baba, yaushe ne bikin?"

Na ce sun ba ni zuwa Mauludi.

"Gobe in na isa, Isah shi taho. Ka jira shi nan, bai san hanyar Badun ba. Kuma ka gaya ma mutanen naku su dube shi da kyau, huskar gidanmu ce zai kai masu."

Ta miƙo mini hoton ta gefe, ta ce in bari ya sha iska kafin in sa a leda.

Lahadi, 17 ga Satumba, da hantsi

Ta tafi, a bayan babur, ƙunshinta a ka. Na kira Ma'u na ce ta aika wa Alhaji, baffan yarinya yana tafe. Na ji wata ƙara a bayanta kamar an saki kwano.

Hoton yana kan katifa. Wannan mutumin ya fi wancan tsufa, kuma kwat ɗin bai zauna masa ba. Ban san shi ba tukuna.

Litinin, 18 ga Satumba, bayan azahar

Na sa gefen rigata a hoton, ƙasan kunnensa, na ɗan goga. Kwallin ya fara tashi. Na bari.